Buluz ba a cin sa bulus

Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne, shekaruna 31. Ina zaune a gidan haya a Rigasa, cikin Kaduna, da maiɗakina da 'yarmu mai wata tara, shagona kuma yana Tudun Wada. Bara na ci karo da bidiyon wani dattijo baƙar fata ɗan Amurka yana busa harmonika, wani ɗan ƙaramin abin busa mai jerin ramuka, yana yin irin kiɗan nan da suke kira buluz. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na sa aka kawo mini guda mai rami goma, an rubuta C a jikinta. Yau wata takwas ina fama. Ina iya fitar da 'yan waƙoƙin makaranta, amma wannan kukan da nake ji a wurinsu ya ƙi fita. Rami na 2 da na 3 kuwa idan na zuƙa sai su shaƙe kamar an maƙure akuya. Na zaci lalatacciya aka kawo mini, na sayi wata ban gaya wa maiɗakina ba, ita ma haka. Da ta gano sai da muka kwana uku ba ma ga maciji. Ta ce ina tayar mata da yarinya da dare, matan gidan kuma suna yi mata habaici. Maganar ta kai kunnen Babanmu, ya dube ni ya ce, "Roƙo za ka koma?" Na kasa ce masa komai. Wani abokina mai kaɗa fiyano a Sabon Tasha kuma ya ce ɓata lokaci nake yi, sai na shekara biyu ina koyon karatun alamomin kiɗa kafin in taɓa buluz. Malam, in haƙura ne? Ko kuwa ni ne ba ni da baiwa?

Wani tela, Rigasa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena.

Da na zo kan akuyar da aka maƙure sai da na ajiye wayar na yi dariya, kuma ba kai nake yi wa ba, kaina na tuna. Shekarun baya ni ma na koma wani shago a cikin gari da harmonika a hannu, raina a ɓace, na ce wa mai shagon matacciya ya sayar mini, rami na 2 ba ya aiki. Dattijon bai tanka ba. Ya karɓa, ya goge ta da gefen rigarsa, ya kai baki, ya ja numfashi ɗaya a hankali, sai ga ramin nan yana rera kuka kamar ba shi ba. Ya miƙo mini ya ce, "Lafiyarta ƙalau, ɗana. Kokawa kake yi da ita." Na fito ina sunne kai. To kai ma ka kwantar da hankalinka. Harmonikarka ta farko lafiyarta ƙalau, ta biyun ma haka, kuma da wuya ka sami wanda ya koyi abin nan bai yi tuntuɓe a daidai wannan rami ba. Maganar baiwa ba ta ma taso ba tukuna.

A cikin kowane rami akwai siraran ƙarafa biyu, ɗaya yana kaɗawa idan ka hura, ɗaya idan ka zuƙa, ashirin ke nan a ramuka goma. Na ramukan farko su ne dogaye masu nauyi. Iska kaɗan suke so, amma suna son fili a cikin baki. Idan ka matse leɓe, ka ɗaga harshe, ka ja da ƙarfi kamar mai tsotsar ɓargo daga ƙashi, sai ƙarfen ya rikice, sautin ya faɗi ƙasa ya shaƙe. Abin mamakin shi ne wannan faɗuwar ita ce ainihin lanƙwasa sautin da kake nema ruwa a jallo. Kana yin ta ba ka sani ba, a lokacin da ba ka so, shi ya sa take fitowa da muni.

Mu Hausawa kalmar "busa" ce take yaudararmu. Da mun ji ta sai mu tuna mai algaita a gaban sarki, kumatu kamar za su fashe, jijiyar wuya a tsaye. Harmonika ba algaita ba ce. Ba busa ta ake yi ba, numfashi ake yi ta cikinta. Saki haɓarka kamar hamma ta taso maka, bar harshenka a kwance, tura harmonikar cikin baki sosai yadda cikin leɓe mai damshi ne zai riƙe ta, sannan ka ja iska daga can cikin ciki. Ɗora hannu a kan cibiyarka, idan cikin yana tasowa lokacin zuƙa to ka kama hanya. Ƙarfin iskar kada ya wuce wanda zai kaɗa wutar kyandir ba tare da ya kashe ta ba. Sannan ka gwada toshe hancinka da yatsu kana zuƙar rami na 2. Idan sautin ya canza, to iska tana yoyo ta hanci, sai ka koyi rufe shi daga ciki. Yi mako biyu ba abin da kake yi sai wannan: zuƙa 2, ka riƙe shi har ka ƙirga huɗu, ka saki. Na san abin gundura ne. Amma kai tela ne, ka san watanni nawa ka yi kana kalmasa da saka maɓalli kafin maigidanka ya yarda ka sa almakashi a shaddar mutane.

Sai kuma dalilin da ya sa kukan ya ƙi fita ko da sautukan sun fita. Wannan ba laifin bakinka ba ne, ba a gaya maka wani abu ba ne. Harmonika 'yar Jamus ce. Kamfanin Hohner da ya fi shahara da ita an kafa shi a garin Trossingen a 1857, kuma an jera sautukanta ne don waƙoƙin gargajiyar Turawa, inda hurawa ce gida. A kan taka mai C, idan ka hura daga rami na 1 zuwa na 10 za ka ji sautukan da ake kira C, E, G, suna ta maimaita kansu har ƙarshe. Idan ka zuƙa kuwa, daga 1 zuwa 6 za ka sami D, G, B, D, F, A. Duk wanda ya fara daga hura 4, wato C, do-re-mi zai samu, shi ya sa waƙoƙin makaranta suke fito maka tsaf. Jikokin bayin da aka kai kudancin Amurka, musamman yankin Misisipi inda buluz ya yi ƙarfi tun farkon ƙarni na 20, su ne suka juya abin. Suka mai da gidansu zuƙa 2, wato G. Harmonikar C ce a hannu, amma a ki na G ake kiɗan, wato G ne sautin da kiɗan yake komawa ya huta. Da ka yi haka sai muhimman sautukan duk su faɗo a kan zuƙa, kuma a ramukan ƙasa sautin zuƙa ne yake lanƙwasuwa. Wannan shi ake kira matsayi na biyu, kuma mafi yawan buluz ɗin da ka ji a kansa aka yi shi. Lissafin ba wuya: ƙirga haruffa biyar daga wanda ke jikin harmonikar. C, D, E, F, G, ta C tana ba da G. Ta A tana ba da E, ta D tana ba da A. Don haka idan ka ɗauko bidiyo kana bin sa ka ji kuna saɓawa, wataƙila mutumin ta A ce a bakinsa kai kuma ta C, ko shekara za ku yi ba za ku haɗu ba.

Tun kafin ka iya lanƙwasawa, gwada wannan yau: zuƙa 2, zuƙa 3, hura 4, zuƙa 4, zuƙa 5, hura 6, sannan ka gangaro ka sauka a zuƙa 2. Za ka ji ƙanshin abin ya fara tasowa.

Lanƙwasawar kanta kada ka fara ta a rami na 3, shi ne mafi taurin kai. Fara a zuƙa 4. Kana cikin jan iska a hankali, mai da bakinka daga siffar faɗin "ii" zuwa ta "uu", ko kuma "kii" zuwa "kuu". Lura da inda bayan harshenka yake taɓa rufin baki ta can ciki idan ka ce "ka" ko "ƙa". Can ne aikin yake. Bayan harshe ya taso ya matse hanyar iska kaɗan, gaban harshe ya sauka, ramin da ke gaban matsewar ya faɗaɗa, sai D ta zame ta koma ƙasa da rabin mataki. Ƙarfi ba ya cikin lissafin ko kaɗan. Masu ja da ƙarfi su ne ƙarfen rami na 4 yake mutu musu da wuri, su koma kasuwa. Akwai manhajojin auna sauti na kyauta a waya, sauke ɗaya ka ajiye a gabanka, za ka ga allurar tana sauka tun kafin kunnenka ya gaskata.

Ga kuma ɗan ilmin da ya cancanci ka sani, don zai hana ka wahalar banza. Sauti yana lanƙwasuwa ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyun da ke ramin. A rami na 3, hura G ce zuƙa B, tazara mai faɗi, shi ya sa sautuka uku suke ɓoye a ciki. A rami na 2 biyu ne. A na 1 da na 4 da na 6, ɗai-ɗai. A rami na 5 kuwa, E da F maƙwabtan juna ne, babu komai a tsakaninsu, don haka kada ka tsaya kana ja-in-ja da shi, ɗan karkacewa kawai zai yi. Can sama, a 8 da 9 da 10, abin ya juya, hurawa ce take lanƙwasuwa, amma wannan bar shi sai baɗi. Ranar da ka iya sassauta zuƙa 3 kaɗan kawai, ka kuma iya karya zuƙa 4, to tsanin buluz ya cika a bakinka: zuƙa 2, zuƙa 3 a ɗan lanƙwashe, hura 4, zuƙa 4 a lanƙwashe, zuƙa 4, zuƙa 5, hura 6. Wannan ɗan sassautawar ta rami na 3, ita ce ta tayar maka da tsigar jiki bara.

Kuma kunnenka ba baƙo ba ne a wannan fage. Ka ce "yau", ka ce "yara", ka ji yadda muryarka take farowa sama ta gangaro a cikin gaɓa ɗaya. Ka tuna yadda mai kalangu yake matse tsarkiya a hammata sautin ya miƙe ya dawo, ko yadda yatsan mai goge yake zamewa a kan izga ba shi da wata alama da za ta tsayar da shi. Akwai wani masanin kiɗa ɗan ƙasar Austriya, Gerhard Kubik, da ya daɗe yana yawon ɗaukar kaɗe-kaɗe a Afirka. Ra'ayinsa shi ne jan murya da karkarwa da zamewa tsakanin sautuka da ake ji a buluz sun fi kama da na yankinmu na arewa fiye da na bakin teku, kuma cikin misalan da ya kafa hujja da su har da gogen Hausa da ya ɗauka a Kamaru a shekarun 1960. Ba ina cewa buluz namu ba ne. A Amurka aka haife shi, cikin wata irin wahala da mu ba mu sha ba. Amma idan ka ji shi ya yi maka kama da ɗan'uwa, ba mafarki kake ba.

Abokinka na Sabon Tasha ba ƙarya ya yi maka ba, da ma'aunin fiyano ya auna ka. A wurinsa, musamman idan da ƙungiyar mawaƙa yake aiki, karatun alamomi yana da amfani ƙwarai. Inda ya yi gaskiya shi ne kiɗa yana da ƙa'ida, kuma wanda ya ƙi koyonta zai yi ta zagaye wuri ɗaya. Inda ya kuskure shi ne zaton ƙa'idar a takarda take. Sonny Terry, ɗaya daga cikin manyan masu wannan fanni, makaho ne tun yana saurayi. Masu harmonika ma da lambar rami suke rubuta abinsu, kamar yadda na rubuta maka a sama. Ƙa'idar da kake buƙata a shekararka ta farko ba ta cika shafi ɗaya ba, kuma ka riga ka sami rabinta. Ga ragowar.

Buluz na yau da kullum zagaye ne mai gaɓa 12, kowace gaɓa taku huɗu, kuma gidaje uku kawai ake ziyarta. A ki na G, gidajen su ne G da C da D. Gaɓa huɗu a G, biyu a C, biyu a koma G, ɗaya a D, ɗaya a C, biyu a G, sau da yawa ana karkata ta ƙarshen zuwa D don a shiga sabon zagaye. Idan mai fiyano yana G, kai ka huta a zuƙa 2 ko hura 6. Idan ya koma C, sauka a hura 4. Idan ya hau D, zuƙa 4 ko zuƙa 1. Baitin waƙar ma haka yake tafiya: mawaƙi ya faɗi layi, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya warware maganar. Kuma ba ya cinye gaɓoɓin duka, yakan rera kamar biyu ya bar biyu. Wannan gurbin da ya bari, nan ne wurinka. Ɗan amshi ne kai. Ka taɓa ganin ɗan amshin da yake rige ubangidansa baki? Sababbin masu koyo sukan cika ko'ina da sauti saboda tsoron shiru, sai abin ya zama surutu.

Saboda haka maimakon ku yi ta musu, mai da abokin nan malaminka ta inda ya iya. Roƙe shi ya kaɗa maka wannan zagaye a G, a hankali, na minti biyar ba tsayawa, ka ɗauka a wayarka. Mako na farko kada ka ma taɓa harmonika a kansa. Saurara kawai kana ƙirga gaɓoɓin da yatsu, har sai ka iya sanin inda aka kai ko da daga tsakiya ka shigo. Ina kyautata zaton shi ma zai ji daɗi, don mutum yana son a nemi abin da ya iya.

Taku kuwa Allah ya ba ka malamai biyu a kyauta. Na farko feda ta keken ɗinkinka. Ƙafar da ta saba da ita ta riga ta san yadda ake riƙe taku ba gaggawa ba jinkiri, sai dai ka tuna takun buluz ɗingishi yake yi, dogo da gajere, dogo da gajere. Na biyu jirgin ƙasa. Tsofaffin masu harmonika a Amurka da kwaikwayon jirgi suke farawa, kai kuma a Rigasa kake, tashar jirgin Abuja tana unguwarku tun 2016. Rufe ramuka ukun farko da bakinka, zuƙa sau biyu, hura sau biyu, kana cewa "ta-ka, ta-ka" ba murya. Fara kamar jirgi yana barin tasha, ƙara sauri sannu a hankali, sannan ka rage kamar ya iso. Idan kana son usur ɗinsa, zuƙi 4 da 5 tare. Wannan wasan yara shi ne yake gyara numfashi fiye da kowane darasi. Idan kuma kana son jin inda hanyar take kaiwa, nemi Little Walter, wanda ya haɗa harmonika da makirfo a tafin hannunsa a Shikago. Kiɗansa mai suna "Juke" ya hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin baƙaƙen Amurka a 1952, ba ko kalma ɗaya a cikinsa. Da ta A ya yi shi, a ki na E, don haka saurara kawai, kada ka ce za ka bi shi da taka.

Yanzu mu shiga gida, don a gaskiya nan ne wasiƙarka ta fi nauyi.

Maiɗakinka tana da gaskiya, ƙanena, kuma ina so ka ji wannan daga bakina ba tare da kwana-kwana ba. Ba na jin harmonika ce ta ɓata mata rai. Ɓoyewar ce. Mace mai goyo da take lissafin sabulu da garin kunu, ta wayi gari ta ga an sayi abu na biyu a bayan idonta, dole ta tambayi kanta me kuma ake ɓoye mata. Sannan ka duba zaman gidan haya. Kai da safe ka tafi Tudun Wada. Ita ce za ta wuni a tsakar gida da matan da aka hana barci, a bakin famfo, a wurin shanya, ita ce za ta sha habaicin. Ga shi kuma mu mutanen da tun muna yara ake hana mu ko yin fito da baki da dare, balle wannan. Ka ba ta haƙuri a kan kuɗin, a fili, ba tare da "amma" ba. Gaya mata ka gano ta farkon ma ba ta lalace ba, ka bar ta ta yi maka dariya, ka cancanta. Yi mata alkawarin ba za ka ƙara sayen wata ba sai da saninta, kuma alkawari ne mai sauƙin cikawa, don biyun da kake da su sun ishe ka shekara. Idan ma akwai mai so, sayar da ɗaya ka miƙa mata kuɗin, ko ka ɗinka mata wani abu da hannunka ba salla ba biki.

Busa a ɗaki bayan isha'i kuwa a daina ta daga yau. Minti goma sha biyar zuwa ashirin kullum sun fi awa uku a dare ɗaya amfani, domin tsokar harshe da maƙogwaro da maimaici suke koyo. Kana da shago. Bayan ka rufe, ko da rana lokacin da kasuwa ta yi sanyi, ja ƙofa ka yi abinka, ka kiyaye lokutan salla da kusancin masallaci. Ranar hutu kana iya zuwa Gamji bakin kogi, inda ba wanda zai ce ka dame shi. Kuma da zarar ka koyi numfashin da na faɗa maka, za ka ga sautin ya ragu da kansa, idan ka rufe bayan harmonikar da tafukanka ma da ƙyar na ƙofar ɗaki zai ji. Wata rana wataƙila ita da kanta za ta ce ka yi wa yarinyar jirgin nan. Bari ya fito daga bakinta, kada ka roƙa. Lokacin ɗinkin salla kuma ba sai na gaya maka ba, jefa ta a aljihun keke sai an sauko daga idi.

Maganar Baba ta fi wannan zurfi, kuma ba na so ka ɗauke ta da wasa. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado, tana da gidajenta, kuma duk da irin son da muke yi wa makaɗa a wurin biki, ka san abin da ake cewa idan ɗansu ya zo neman aure. Baba a cikin wannan duniyar ya girma. Da ya ji ɗansa mai sana'a, mai iyali, yana busa, abin da ya hango shi ne kai a tsakiyar fili ana yi maka liƙi, shago a rufe. Tsoro ne ya yi magana, tsoron sunan gida da na jikarsa. Amma ka lura, tambaya ya yi maka, bai yanke hukunci ba, kuma har yau ba ka ba shi amsa ba. Shirun nan naka shi ne yake ƙara masa zargi. Zuwa da kai ya fi aike. Je ka same shi shi kaɗai, lokacin da yake cikin nishaɗi, ka durƙusa ka ce, "Baba, ran nan ka tambaye ni na kasa magana. Ba roƙo zan koma ba. Ɗinki ne sana'ata. Wannan abu ne da nake rage gajiya da shi ni kaɗai, ba na zuwa biki da shi, ba na karɓar kuɗin kowa." Kada ka ɗauko masa tarihin Misisipi ko na wani Bature ɗan Austriya, ba abin da ya tambaya ke nan ba. Idan bakinka yana yi maka nauyi a gabansa, fara da Inna, ko wani kawunka da yake jin maganarsa.

Mai yiwuwa ne kuma damuwarsa ta addini ce. A nan ni ba mai ba da fatawa ba ne. Malamai sun daɗe da saɓani a kan kayan kiɗa, da yawa sun tsananta, wasu sun sassauta da sharuɗɗa. Je wurin malamin da kai da Baba kuka yarda da iliminsa, ka faɗa masa gaskiyar abin da kake yi, ka tambaya da niyyar jin amsa, ba da niyyar neman wanda zai goya maka baya ba. Idan bayan duk wannan Baba ya ce bai yarda ba, to ra'ayina, kuma ra'ayina ne kawai, ka ajiye. Kada ka ce masa to, sannan ka koma kana yi a ɓoye, ka riga ka ga abin da ɓoyo ya jawo maka a ɗakinka. Ajiyewa ba jefarwa ba ce. Iyaye sukan sauko idan suka ga shekara ta zagayo shago yana ci gaba, gida lafiya, kuma harmonika ba ta ruɓewa a akwati. Amma ina zaton ba za a kai nan ba. Dattawa da yawa abin da suke so kawai shi ne a zo a gaya musu.

Kafin in manta, don na san shagon tela: kada ka bar ta a buɗe a kan teburin yanka. Burbushin zare da ƙurar hunturu suna shiga su maƙale a ƙarafan, rami ya yi shiru, ka sake cewa ta lalace. Kurkure bakinka kafin ka ɗauke ta, musamman bayan goro, gyaɗa, ƙuli-ƙuli ko shayi mai sukari. Idan ka gama, bubbuga ta a tafin hannu, ramukan suna kallon ƙasa, ka bar ta ta sha iska kafin ka mai da ta gidanta. Da sanyin safiya ɗumama ta a hannu ko a aljihu tukuna. Idan cikinta roba ce kana iya ɗauraye ta da ruwa zalla, idan katako ne kada ka jiƙa, kumbura yake yi ya yanki leɓe. Kuma kada ka ba yaran shago aro, abin baki ne.

Ka sake rubuto mini bayan wata uku. Ina so in ji ko zuƙa 4 ta sauka, da kuma abin da Baba ya ce. Ka gaida maiɗakin naka, ka shafa mini kan 'yar.